Agogon Baba

Kwana uku ke nan takardar tana ƙarƙashin keken ɗinki, kuma sau uku Auta tana ɗauko ta da niyyar yagawa, sai ta tsinci kanta tana sake karantawa.

Ba wata doguwar takarda ba ce. Daga cibiyar da ake kula da masu fama da shaye-shaye aka aiko ta. Malamar da ke ba su shawara ce ta rubuta da hannunta, tana roƙon Auta da yayanta su halarci zaman iyali ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, domin akwai wanda yake da magana da su. Ba a ko rubuta sunansa ba. To ina amfanin rubutawa? Mutum ɗaya ta sani a can.

Ta ɗaga kai ta dubi tsallaken titi. Teburinsa yana nan inda ya bar shi wata bakwai da suka wuce, a jikin bangon shagon mai fenti, da ɗan akwatin gilashinsa da bencin da ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran. Yanzu wata mai sayar da lemo ce take jera kayanta a kai.

Mai Agogo kowa yake ce masa a layin, amma ita Minti Biyar take kiransa. Duk wanda ya kawo masa gyara, ko da mota ce ta taka agogon, sai ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ba ni minti biyar." Mutum ya yi mako yana zarya. Shi kuma ya laƙaba mata Allura, wai don ba ta iya magana ba sai ta soki mutum.

Kai, an yi zamani a layin nan!

Kullum ƙarfe takwas take ɗaga ƙofar shagonta, ba ƙari ba ragi. Sai da suka yi shekara guda suna maƙwabtaka kafin ta gane cewa da ƙarar ƙofarta yake saita agogunan mutane. Da ta ji haka, don tsokana, wata safiya ta tsaya a bayan kwana ta ɓata minti ashirin da gangan. Ba a yi azahar ba sai ga shi ya tsallako titi, ɗan gilashin aikinsa maƙale a ido ɗaya, fuskar nan a murtuke.

"Allura, kin san abin da kika yi kuwa? Agogo goma sha ɗaya kika ɓata mini. Wani bawan Allah ma mota ta tafi ta bar shi."

"To wa ya aike ka? Ni rediyo ce?"

"Kin fi rediyo. Rediyo batir ɗinsa yana ƙarewa."

Ranar ta yi dariya har allura ta soke ta, kuma daga ranar ta san ta shiga uku.

Ko Baba ma, Allah ya ji ƙansa, ya so yaron nan. Tun da ya ajiye tuƙin babbar mota, ba shi da wurin zaman yamma sai wannan gurgun benci. Zai cire tsohon agogonsa, irin na da wanda ake wanawa da hannu, ya miƙa masa ya goge, alhali babu abin da ya samu agogon. Ya kan dawo gida ya ce, "Hannun yaron nan ba ya rawa ko kaɗan. Wanda zai iya riƙe sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, zai iya riƙe gida." Auta ta yi kamar ba da ita ake ba.

Sai hatsarin babur ya zo. Haƙarƙari uku, ƙafa ɗaya. Ƙwayar rage zogi ta shigo da sunan magani, ta samu wuri ta zauna, daga baya kwalbar kodin, maganin tarin nan mai bugarwa, ta biyo ta. Baba ya rasu bai sani ba. Kwana arba'in da rasuwarsa agogon ya tsaya cak, Auta ta naɗe shi a ƙyalle ta tsallaka titi da shi. Bai ce mata minti biyar ba. Cewa ya yi akwai wani ɗan ƙarfe da sai an aiko daga nesa. Wata biyar tana jiran ɗan ƙarfen nan, har ranar da aka tsince shi kwance a bayan teburinsa ba ya gane kowa, kawunsa ya ɗauke shi sai cibiya.

"Salamu alaikum, ranki ya daɗe."

Ƙamshin turaren ya riga shi shigowa. Mai Kemis ne, da farar rigarsa mai karin guga, yana kaɗa makullin mota a ɗan yatsa. Shagonsa ne mafi girma a layin, mai firji biyu da fanka uku. Shi ne kuma ya kai wa Yaya agogon Baba wata guda bayan tafiyar Mai Agogo, ya ce a kasuwar 'yan gwanjo ya gan shi, zuciyarsa ta kasa daurewa ya fanso shi. Tun ranar Yaya ba ya ganin laifinsa.

"Sannu da zuwa," ta ce, idonta a kan zare.

"Har yanzu sai sannu da zuwa? Jibi fa Asabar. Na ce wa su Baffa su shirya zuwa neman aurenki, Yaya ya ce in sun zo ba za su koma da kunya ba." Ya jingina da teburin yanka yana murmushi. "Wannan keken ma kin kusa hutawa da shi. Matata ba za ta riƙa auna kafaɗar mutane ba."

"Keken bai ce ya gaji ba."

Ya yi dariya. "Allura ke nan."

Ba shi da hurumin wannan sunan, kuma ya sani.

Da ya fita ta bi bayansa da kallo, bakinta cike da maganar da ta yi wata bakwai tana haɗiyewa. Ta san abin da ke ƙarƙashin kantar shagon nan, bayan kwalayen auduga. Kalma ɗaya za ta faɗa wa Yaya, maganar Asabar ta sha ruwa.

Sai dai in ta faɗa, tambayar farko da Yaya zai yi ita ce, "Ke ta yaya kika sani?"

Ita kuwa ta sani ne domin da ƙafarta take zuwa, da hannunta take karɓowa.

*

Da la'asar ta tarar da su a falo. Inna tana zaune a ƙasa tana ninke wanki, Yaya kuma yana kan kujerar Baba da tarin littattafan ɗalibai a cinya. Hedimasta ne, shekara goma sha biyu yana magana yara ɗari shida suna shiru, saboda haka ko a gida bai saba a katse shi ba. A hannunsa na hagu agogon Baba ne, tsaye a kan uku saura kwata. Kullum sai ya ɗaura shi, in an tambaye shi lokaci ya ciro waya ya duba.

Auta ta durƙusa ta ajiye takardar a kan littattafan.

Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake mayarwa. "Ni? Ni za a aiko wa sammaci daga gidan 'yan ƙwaya?"

"Ba sammaci ba ne, Yaya. Roƙo ne."

"Auta, shekararki ashirin da takwas. Ban taɓa ce miki dole ba, kuma ba zan ce ba. Ke kika ce in ba ki lokaci, na ba ki. Wata shida mutumin nan yana bin ƙofar gidan nan da mutunci, bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Da Inna ta kwanta ciwo wa ya zo ya auna jininta? Wa ya dawo mana da wannan?" Ya ɗaga hannun hagu. "Shi kuwa wancan me ya bar miki? Kunya. Har yau in na bi layinku sai in ga kamar nuna ni ake yi."

Hawaye suka zubo mata. "Na sani, Yaya."

"Kin sani, to me kike jira? Wanda ya sayar da agogon mataccen mutum, ke ma wata rana zai sayar da kekenki kina barci."

"Ba haka yake ba da. Kai ma ka sani. Wa ya gyara ƙararrawar makarantarku bai karɓi ko sisi ba? Wa ya goya Baba zuwa mota ranar da ya faɗi?"

"Da ke nan. Da ta wuce."

"Ni a wurina ba ta wuce ba!" Muryarta ta karye. "Kullum na ɗaga ƙofar shago sai na dubi tsallaken titi. Na yi addu'a Allah ya cire mini, bai cire ba. Ka raka ni gobe, Yaya, don Allah don Annabi. In mun dawo zan ba ka amsa, kuma duk abin da na faɗa ba zan canza ba."

"Ba inda za ni."

Inna ta ajiye zanen da take ninkewa. Ba ta cika sa baki ba tun rasuwar Baba, don haka da ta gyara murya duk suka juya.

"Malam," ta ce, don haka take kiran ɗanta na fari, "shekara biyu babanku yana zama a bencin yaron nan. In ya dawo, wandonsa duk ya yi fari da ƙurar benci, in yi ta faɗa ina wankewa. Da yana raye, da ya je. Ba na ce ka yafe ba. Ka je ka zauna a madadin wanda ya zauna a bencinsa."

Yaya ya daɗe yana kallon agogon da ba ya tafiya.

"Minti talatin," ya ce. "Ko daƙiƙa ba zan ƙara ba. Kuma Asabar tana nan."

*

Cibiyar ba ta yi kama da abin da Auta ta zata ba. Ba sarƙa, ba ihu. Dogon gini ne mai farin fenti, da lambun tumatir a gefe inda wasu maza huɗu suke ban ruwa suna gardamar ƙwallo. Aka kai su wani ɗaki mai tagogi biyu da fanka mai kuka. Kujerun roba huɗu ne a zagaye, a tsakiya kuma wata 'yar kujerar katako, a kanta wani dutse baƙi mai santsi wanda bai fi ƙwan kaza ba.

Malama ta shigo, mace mai jiki, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, tabarau rataye a wuya da igiya. Ta gaishe su kamar ta san su shekara goma.

"Kafin ya shigo, ga yadda muke yi a nan," ta ce. "Na ɗaya, wanda dutsen nan yake hannunsa shi kaɗai ke magana. Na biyu, wanda ya yi laifi zai faɗi abin da ya yi tsirara. Ba 'amma', ba 'ai saboda'. Wata huɗu muka yi da shi muna goge 'amma' daga littafinsa, har takardar ta huje. Na uku, ba zai roƙe ku yafiya yau ba, kuma ba zai roƙi kowa ya jira shi ba. Wanda ya rataya warkewarsa a wuyan wani, ranar da wancan ya sunkuya shi ma ya faɗi."

Yaya ya yi tsaki a hankali. "Dutse kuma. Sai ka ce wasan yara."

"Yara sun fi mu iyawa, Malam. Manya ne ke ba mu wahala."

Aka turo ƙofa, Mai Agogo ya shigo.

Auta ta rantse wa kanta ba za ta yi kuka ba, amma alƙawarin bai kai ko daƙiƙa ba. Ya yi ƙiba kaɗan, an yi masa aski, idanunsa sun washe, sun koma irin na mutumin da ya tsallako titi yana faɗan agogo goma sha ɗaya. Sai da ya zauna ta lura da hannuwansa. Rawa suke yi, ƙasa-ƙasa, ba tsayawa, har littafin da ke cinyarsa yana motsi.

Ya gaida Yaya. Yaya bai amsa ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu ya ɗauki dutsen.

"Yau kwanana ɗari biyu da goma sha ɗaya ban sha komai ba," ya fara. Ya buɗe littafin. "Na yi wa Auta ƙarya sau da yawa. Na ce mata tari ke damuna, alhali ba tari. Na yi barci a ranar da na ce zan zo gaida Inna. Na zo zaman makokin Baba a buge, na zauna a bayan mutane don kada a ji warin bakina."

Auta ta toshe baki da mayafi.

"Na yaudari wani mutum mai sona, na sa yana sayo mini kwalba saboda ni an fara gane ni a layi. Wannan laifina ne, ba nasa ba."

Bai dube ta ba. Ya juya shafi da yatsun da suka ƙi yi masa biyayya.

"Agogon Baba. Babu wani ɗan ƙarfe da za a aiko daga nesa. Datti ne kawai ya shiga, aikin yini ɗaya. Na buɗe shi, hannuna ya kasa, na rufe. Bayan kwana tara, wata Talata da rana, jikina ya matsa mini. Na kai shi shagon Mai Kemis, na ajiye a kan kanta, ya ba ni kwalba shida. Ya san na wane ne, domin ya juya bayansa ya karanta sunan Baba ya yi dariya."

"Ƙarya ne!" Yaya ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Ƙarya kake, munafuki! A kasuwar gwanjo..."

"Malam," in ji Malama ba tare da ta ɗaga murya ba, "dutsen ba ya hannunka."

"Ni za a ce wa..."

"A makarantarka kai ke riƙe da alli, ba mai katse ka. Nan dutse ne. Zai zo gare ka."

Yaya ya tsaya yana huci. Can ya ɗaga kujerar ya zauna.

Mai Agogo ya rufe littafin. A karon farko ya dube ta sosai.

"Allura," ya ce, sai ya gyara. "Auta. Na ji labarin Asabar, kawu ya gaya mini. Ba don in ɓata auren kowa na faɗi wannan ba, tun wata huɗu yake rubuce, Malama shaida ce. Saura wata biyar a sallame ni, kuma ko an sallame ni ban san me zan zama ba. Dubi hannuna. Likita ya ce wataƙila ya daina, wataƙila ba zai daina ba. Kada ki jira ni. In kin samu mutumin kirki ki yi aurenki, wallahi zan yi miki addu'a. Abin da na sani kawai, a nan ƙarfe takwas ake kaɗa ƙararrawar karin kumallo, kuma kullum sai na ji kamar ƙofarki ce."

Ya ajiye dutsen. Hawayensa ya ɗiga a bangon littafin.

Yaya ya wafce dutsen kamar zai jefi wani da shi.

"To yanzu nawa ne ko? Madalla. Ka gama? Ni tambaya ɗaya gare ni. Wa zai ɗauki maganar ɗan ƙwaya a kan mutumin da duk layi ke girmamawa? Ina shaidarka? Ka ce akwai wanda yake sayo maka. Wane ne? Kira sunansa, in je in tambaye shi a ina yake sayowa. In ya ce a shagon nan ne, na yarda. Faɗi!"

Ya miƙa masa dutsen. Mai Agogo ya kalli dutsen, ya girgiza kai, ya haɗa hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Kun gani?" Yaya ya juya ga Malama. "Ramin ƙarya ƙurarre ne. Auta, tashi mu tafi. Talatin ɗina sun cika."

Auta ba ta tashi ba. Fanka tana ta kuka a sama. Ta tuna Baba yana dawowa da farin wando, ta tuna yadda Yaya yake nuna ta ga baƙi yana cewa ƙanwata ba ta taɓa sa ni jin kunya ba. In ta yi shiru, za ta fita daga ɗakin nan da mutuncinta cif, gobe kuma a ba da ita ga mai firji biyu.

Ta miƙa hannu.

"Yaya, ba ni dutsen."

"Me za ki yi da shi?"

"Ba ni."

Dutsen yana da ɗumi, ɗumin hannun mutum biyu. Ta damƙe shi.

"Ni ce."

Yaya ya juyo ya dube ta.

"Ni ce nake sayo masa. Litinin da Alhamis, wata huɗu. Farko na ɗauka tari ne da gaske. Daga baya na gane, kuma ban daina ba. Amma in na ƙi sai in ga yana..." Ta tsaya, ta dubi Malama. Malama ta girgiza kai a hankali. Auta ta share fuska da bayan hannu. "Ba amma. Na gane, ban daina ba. Ina tsoron in na hana shi zai daina tsallako titi. A shagon Mai Kemis nake saya, Yaya. Ba ya tambayar takardar likita. Daga ƙarƙashin kanta yake cirowa, bayan kwalayen auduga, ya sa a baƙar leda ya ce mini, 'A gaida mai tarin.' Ya san na sani, shi ya sa bai taɓa tsoron zan tona shi ba. Wata bakwai ina kallonka kana zagin mutum ɗaya a kan laifin mutum uku, ina shiru don kada ka daina cewa ban taɓa sa ka jin kunya ba."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban yayanta.

"Ga amsarka ta Asabar. Ba zan auri Mai Kemis ba, ko da zan mutu a kan keke. Kuma ba na ce ka ba ni wannan ba, shi ma ya ce kada in jira shi. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Ta ɗora dutsen a tafin hannunsa.

Yanzu dutse yana hannun hedimasta, ba mai katse shi, amma ko kalma ta ƙi fita. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi saurayin da ke kuka ba sauti, ya dubi hannunsa na hagu. Wata shida yana yawo da abin nan yana sa wa wanda ya kawo shi albarka.

"Kwalba shida," ya ce a ƙarshe. "Shekara talatin Baba yana ɗaure da shi."

Malama ta miƙa wa Auta ƙyallen share hawaye, ta taimaka mata ta koma kujera. "'Yata, ranar Laraba muna da zama na iyalai, mata da iyaye da 'yan'uwa. Ba ke kaɗai ba ce kika taɓa riƙe baƙar leda. Ki zo, ke ma akwai abin da za ki sauke."

Auta ta gyaɗa kai.

Sai suka ji ƙarar ɗan ƙarfen maɗauri. Yaya ne yake kwance agogon. Fatar wurin ta yi fari, zagaye, inda rana ba ta taɓawa. Bai miƙa wa Mai Agogo a hannu ba. A kan 'yar kujerar katako ya ajiye, inda dutsen yake da.

"Kada wani ya fassara ni," ya ce. "Ban ce na yafe ba, ban ce na ba ka kowa ba. Mai Kemis kuma ni da shi ne, yau ba sai gobe ba. Aiki aka kawo maka ka karɓa ba ka gama ba, mu kuma a gidanmu ba ma biyan wani ya ƙarasa aikin wani. Malama, an yarda ya riƙe kayan aiki a nan?"

"A ɗakin sana'a, awa ɗaya kullum, a gaban mai kula."

"To." Ya juya gare shi. "Ranar da ya tashi, ka kawo mini shi da ƙafarka har gida. Sannan ne zan ga ko akwai maganar da za a yi. In bai tashi ba, kada in ga ƙeyarka a layinmu."

Mai Agogo ya kalli agogon, ya kalli hannuwansa. "Yaya, hannuna..."

"Dutsen ba ya hannunka," in ji Yaya. Ya dangwarar da dutsen kusa da agogon, ya fice bai waiwaya ba.

Aka bar su uku. Malama ta sa tabarau ta shiga duba wata takarda da babu komai a cikinta.

Ya miƙa hannu ya ɗauki agogon. Maɗaurin yana karkarwa a tsakanin yatsunsa, ƙarfen yana bugun gilashi, kaɗan ya rage ya suɓuce. Auta ta zabura za ta tare, sai ta ji idon Malama a kanta ta saman tabarau. Ta mayar da hannunta cinya ta danne shi da ɗayan. Wallahi tun da take ba ta taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba.

Da kansa ya tare shi da hannu na biyu. Ya kai shi kunne, yadda ya saba, ko da yake ya san babu abin da zai ji.

Ta miƙe ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Mai gyara, yaushe za a zo karɓa?"

Ta jira tsohuwar amsar, wadda ya ba duk layi shekara da shekaru. Ta ji yana jan numfashi.

"Ban sani ba, Allura," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ta share ido, ta ɗan yi murmushin da bai gani ba.

"Ni dai takwas nake buɗewa," ta ce, ta bi bayan yayanta.